Shekarar da Muka Shanya Waƙa a Gona

Shekaranjiya ina kan babur a hanyar Gamawa, sai na hango wata gonar gero an zagaye ta da igiya, an ɗaɗɗaura mata tsummokaran leda fari da baƙi. Ban san lokacin da na taka birki ba. Na san abin da ake nufi: jan-baki sun sauka, ƙananan tsuntsayen nan da ke zuwa garke guda su tsotse gero tun yana ruwa. Na tsaya a bakin titi na kasa kunne. Leda ce kawai ke faɗa da iska, fat-fat-fat, babu wani amo. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Maiɗakina ta ce in dai ba zan faɗa mata abin da ke cina ba, to in daina zagaye mata tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. To, ga shi zan faɗa.

Ni dama can ba mazauni ba ne. Sunana Ya'u, amma a layinmu na Matsango, cikin Azare, mahaifina kaɗai ke kirana da shi. Kowa Wutar-kara yake ce mini, don ba na gama abu nake kama wani. Abin da zan ba da labari ya faru ne cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin wayar hannu sai a aljihun manyan Alhazai. Na gama sakandare ina jiran sakamako, ba karatu ba sana'a, sai yawo da kaset a aljihu.

Mu uku ne. Akwai Modu, Babarbare, ɗan mai sayar da bandar kifi, wanda yayansa ke kai-komo Maiduguri yana kawo masa kaset-kaset na kiɗan Sudan da na Chadi. A zauren gidansu muke zama, don shi ke da rakoda mai baki biyu, wadda ake kwafar waƙa daga wannan kaset zuwa wancan. Akwai Uche, ɗan mai shagon kayan keke a bakin kasuwa. Iyayensa daga Kudu suka zo, amma shi a Azare aka yanke masa cibi, in yana zagin mutum da karin magana ni ma sai na tambayi fassara. Shi ke samo mana kiɗan jita daga direbobin manyan motoci. Ni kuwa talakan ƙungiya, nawa daga gidan rediyo nake tarewa, yatsa a kan jan maɓalli, ina addu'ar kada mai gabatarwa ya tsoma baki a tsakiyar waƙa. Kullum sai ya tsoma, Allah ya shirye shi.

Muna da wata al'ada da muke kira kaset mai yawo. Mukan sayi sabon kaset guda wanda ba komai a ciki, wannan ya zuba nasa ya miƙa wa wancan, har ya cika gaba da baya. Ba a rubuta sunan waƙa a jikin kwali, kuma ba a sa wadda wani a cikinmu ya taɓa ji. Akwai kuma dokar da saboda ni kaɗai aka kafa ta: ba a tsallake. Don ni in waƙa ta fara ba ta kama ni nan take ba, sai in danna a wuce.

Uche ne ya kama hannuna wata rana ina shirin dannawa. Ya ce, "Kai Wutar-kara, waƙa ba tuwon biki ba ce da za ka lakato ka yi gaba. Ka bar ta ta gama maganarta mana."

Na ce, "To in maganar banza take fa?"

Ya ce, "Kai ma ai muna barin ka ka gama taka."

Modu ya yi dariya har ya ƙware. Daga ranar dokar ta zauna. Kuma wallahi sun yi mini gata, don a zaman dolen nan na fara jin abubuwa. Wata waƙar Sudan da na raina, sai can tsakiya goge ya shigo, tsigar jikina ta tashi. Wata jitar Kongo, minti uku tana tafiyar hawainiya, sai ta ɓalle da gudu, muka miƙe tsaye mu uku ba wanda ya ce wa wani tashi. Akwai ta Buzaye mai tafi, wadda ban san kalma ɗaya a cikinta ba amma na kwana biyu ina jin kewar garin da ban taɓa zuwa ba. A zauren nan na san duniya ba a Kano da Potiskum ta tsaya ba.

To, shekarar ce ta zo da abin da ta zo da shi. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, gero yana tsaka da ɗaukar ido, abin da ya saura kuma fara ta bi ta kansa. Mahaifina masinja ne a wani ofis, albashinsa na cefane ne kawai. Hatsin da muke ci daga gonar gado yake zuwa, can ƙauyenmu bayan garin Katagum, gefen fadama, inda yayansa Baffa Idi ke nomawa ya raba mana. Abin da ya aiko a shekarar ko rabin na kullum bai kai ba.

Umma ta fara da sauya kwanon awo. Ba ta ce wa kowa komai ba, sai dai muka ga malmala ta ƙanƙance. Daga nan tuwon rana ya ɓace, aka koma kunu, kunun ma ya dinga tsinkewa har kana hango gindin kofi. Sai garin rogo, sai kwaɗon rama ba wani ƙulin kirki. Ƙannena suka daina wasa a ƙofar gida, suka koma zama a bakin murhu tun wuta ba ta kama ba. Zafi kuwa, wai! Da hantsi kwanon ɗaki zai fara ƙara, ruwan randa ya yi ɗumi, bayan kowa ya feso da ƙuraje. Hadari zai haɗo daga gabas da la'asar baƙi ƙirin, mata su fito da bokitai, sai iska ta kwashe shi ta yi Itas da shi, ta bar mu da kallo. Sau biyu aka fita roƙon ruwa.

Wasu yunwa kwantar da su take, ni tayar da ni take. Ba na iya zama a gida in ga Umma tana karkaɗe buhu. Sai in fice in yi kasuwa, in yi tasha, in dawo zauren su Modu ƙafa duk ƙura. In an kawo wuta mu yi rige-rigen kwafar ko waƙa biyu kafin a ɗauke. In ba wuta sai batir, shi ma sai an shanya shi a kan kwano ya sha rana, an ɗan ciccije shi da haƙori, sannan ya yarda ya ƙara rabin sa'a. Uche kan shigo da gyaɗa a aljihu, ya zube a tabarma ya ce wai ta ishe shi, alhali na san don ni ya kawo. Ban taɓa yi masa godiya ba, shi ma bai taɓa ba ni fuskar yi ba.

Ruwa bai sauka sosai ba sai da aka fara fid da rai. Ranar na fita tsakar gida da wando kaɗai na tsaya a ciki, ƙamshin ƙasa na shiga mini har ƙwaƙwalwa. Amma ruwa ba abinci ba ne, alkawarin abinci ne. Tsakanin shuka da girbi, nan ne yunwar ta fi cizo. Irin da Baffa ya binne tun kafin ruwa ya ƙone, sai da ya sake shuka da ɗan irin da matarsa, Inna Hari, ta ɓoye a tulu.

Cikin watan marka saƙo ya zo daga ƙauye. Gero ya fitar da kai, ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, amma an fara ganin jan-baki a fadama. Babban ɗan Baffa ya tafi ci-rani bai dawo ba, ƙaramin zazzaɓi ya kwantar da shi. Mahaifina ya kira ni bayan azahar.

Ya ce, "Ya'u, gobe za ka tafi wajen Baffanka. Gonar nan ita ce tukunyar gida biyu. In ta zube, ba mu da wata."

Na ce to. A raina kuwa ina ta ƙunƙuni, don a makon ne kaset mai yawo ya cika, kuma a makon ne Uche ya faɗa mana babansa zai tura shi Kudu wajen kawunsa koyon kasuwanci, shekaru zai yi. Da safe suka raka ni tasha. Modu ya ba ni batir huɗu da aka riga aka sha rabinsu. Uche ya zaro kaset ɗin ya danƙa mini a hannu.

Ya ce, "Kai za ka fara ji. Ta can ƙarshen bayan kaset, ita ce taka. Kwana biyu na yi ina nemanta."

Na ce, "Wace iri ce?"

"In ka kai za ka sani. Kuma na rantse maka, in ka tsallake sai na gane a fuskarka."

Na ce kwana goma zan yi in dawo kafin ya tafi. Ya ce Allah ya sa. Motar ta tashi ina rungume da 'yar rakodata, wadda ƙofarta ta karye nake ɗaure ta da robar taya, da leda cike da kaset-kaset ɗina goma sha ɗaya, duk dukiyata ta duniya.

Na tarar da ƙauyen ya yi shiru. Kogi ya cika ya batse, sai da kwalekwale muka ƙetare. Baffa ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Inna Hari ta ga ledata ta ce, "Ɗan birni, na ce ko tsaraba ce." Da ta buɗe ta ga kaset sai ta rufe a hankali ta miƙo mini. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Abincinmu tafasa ce da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, sai ɗan kunun dusa da safe. Ruwa kuwa yini yake yana yayyafi, tufafi ba sa bushewa, sauro ya maida kowa nama.

Amma geron, tabarkalla! Ya fi ni tsawo, zangarniya dogo-dogo, ka matsa ƙwaya farin ruwa ya fito. Kallonsa kawai sai ka ji cikinka ya ɗan lafa.

Aikinmu ga yadda yake. Ana sallame asuba mu fita. Baffa ya kafa rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, daga ita igiyoyi sun tafi kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ni ina sama ina ja ina ihu, Baffa yana zagaye da majajjawa, Inna Hari tana gefen hanya tana dukan tsohuwar tasa. Haka har rana ta take, lokacin tsuntsaye kan koma fadama su sha ruwa su huta. La'asar sakaliya su dawo, mu ma mu koma har magariba. Kwana uku muryata ta dushe, igiya ta yanka mini tafin hannu.

Hutun tsakar ranar nan shi ne nawa. In kwanta a kan rumfa in kunna kaset mai yawo, waƙa biyu ko uku, in kashe don batir. Gaban kaset duk na Modu ne da nawa. Da na juya baya sai na shiga na Uche. Kai, yaron nan ya iya zaɓe. Akwai wata mai ƙaho da ganga, akwai ta wasu mata da ke amsa wa juna ba kiɗa ko ɗaya, na saurare ta ina kallon gero na kaɗawa har na manta ina jin yunwa. Sai dai kullum muryoyin ƙara nauyi suke, mace ta fara komawa namiji, alamar batir na ban kwana. Na ciccije su har haƙorina ya yi tsami. Na shanya su, to ina ranar take a marka?

Nan fa shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyau. Duk wanda ya san kaset ya san ba sai da batir ake tura shi gaba ba. Ka zura biro a idonsa ka juya, zaren ya naɗu, ka kai inda kake so. Da ɗan ƙarfin da ya rage a batir ɗin nan, tsaf zan ji waƙar ƙarshe. Na ciro kaset, na zura biro, har na juya sau biyu. Sai na ji kamar Uche na zaune a gefen rumfar yana kallona da wannan murmushin nasa na rainin hankali. Na ce a'a, yau ɗaya dai zan ba shi kunya. Na mayar da juyi biyun baya, na sa kaset, na bi layi. Washegari, a tsakiyar wata waƙa, saura biyu a kai tawa, rakoda ta ja wani dogon nishi ta tsaya. Ni da aka sani da gaggawa, ran da na yi haƙuri ran nan na yi asara.

A ƙauyen kaf ba mai batir. Mai tebur ɗaya da ke akwai ya cinye jarinsa tun bazara. Na ce ba komai, kwana nawa ne, in na koma Azare na ji.

Kwana biyu bayan haka jan-baki suka zo da gaske. Waɗanda muke kora a baya ashe 'yan leƙen asiri ne. Gari na wayewa na hango wani abu ya taso daga fadama kamar hayaƙin gobara, yana naɗewa yana warwarewa, da wata ƙara irin ta ruwan sama in ya tunkaro. Baffa ya tsaya cak ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Muka ja igiya, muka yi ihu, muka yi jifa. Ka kore su nan su sauka can, ka ruga can su dawo nan. Kafin hantsi layi huɗu na bakin gona sun zama tsirara. Na kama wata zangarniya na murza, ƙaiƙayi kawai ya zubo mini a hannu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, don fuskar ƙannena a bakin murhu nake gani.

Da rana Baffa ya ce in zo in ga wani abu. Muka tsallaka gonar maƙwabcinsa, Malam Jauro. Tasa ba a taɓa ta sosai ba. A saman geron wani siririn abu ne ke walƙiya daga sanda zuwa sanda, yana juyawa yana ƙyalli, kuma in iska ta bi ta kansa sai ya yi wani kuka, zuuu. Zaren kaset ne. Malam Jauro ya ce wani tsohon kaset ne da rakoda ta tauna, ya ga ana yin haka a wajen masu shinkafa, ya gwada. Tsuntsu ba ya son ƙyallin, ba ya son kukan.

Muka juyo. Baffa bai kalle ni ba. Har muka kusa rumfa sannan ya ce, "Na ji an ce abubuwan nan tsada gare su a birni."

Shi ke nan abin da ya ce. Dattijo ne, ba zai roƙi ɗan ƙaninsa ba. Na wuce gida na ɗauko ledar.

Goma na fasa a yinin nan. Ina fasa kowanne ina jin waƙoƙin da ke ciki a kaina, wannan wata uku na yi ina tara shi, wancan Modu ne ya ba ni ranar salla. Muka sassaro dogayen sanduna muka kakkafa. Baffa na riƙe da bakin zare, ni ina tafiya da baya ina warwarewa, muna ɗan murɗa shi don ya riƙa juyawa. Ban taɓa sanin zaren kaset na da tsawo haka ba. Na goma sha ɗayan, kaset mai yawo, na cusa shi a aljihun wando na ce wannan ba nawa ba ne ni kaɗai, amana ce. Gaskiya ce, amma ba don ita na ɓoye ba.

Abin ya yi aiki. Washegari garken ya zo, ya yi sama ya dare biyu, gonar na ta walƙiya tana kuka. Inna Hari ta yi guɗa da dusasshiyar murya. Sai dai gefen gabas, wajen wata tsamiya da ke kallon fadama, zare bai kai ba. Su kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan suka tattaru.

Sai na yi dabara. Zaren da na riga na saurara ya taru a gefe guda, babban gammo, wanda ban ji ba ya rage a ɗaya gefen, ɗan kaɗan. Na kwance kaset ɗin da bakin wuƙa, na yanke daidai inda rakoda ta tsaya, na ba da babban, na naɗe ƙaramin a takarda na mayar aljihu. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Muka ja layi uku a gefen gabas, zaren ya ƙare saura tsakanin sanda ta ƙarshe da tsamiya, abin da bai fi taku talatin ba. Baffa ya ce wannan ma iya tsare shi da hannu.

Ba mu iya ba. Kwana biyu Baffa na tsaye a wurin da majajjawa, a cikin yayyafi, ba komai a cikinsa sai ganye. A rana ta uku da la'asar ina kan rumfa na ga ya ɗaga hannu zai yi jifa, sai ya tafi luuu ya zauna a kunya. Na diro na ruga. Jikinsa zafi rau, yana haki, tsuntsaye kuwa a kansa suke sauka, ko tsoronsa ba sa ji. A nan ne geron ya fi kyau, don nan ne ƙasar ta fi danshi. Ya kama hannuna yana ƙoƙarin tashi, yana cewa, "Bar ni, Ya'u, bar ni, jiri ne kawai."

Na zaunar da shi. Na sa hannu a aljihu na ciro takardar.

Ya dube ta ya dube ni. Ya ce, "Ashe da saura."

Na ce, "Da saura, Baffa."

Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ido. Na ɗaura bakin zaren a sanda, na tafi da baya ina warwarewa, a hankali, yana bi ta tsakanin yatsuna. Ina sane da cewa wani wuri a cikin abin da ke wucewa ta hannuna waƙata ce. Har kara shi na yi a kunne, don wauta. Zaren ya kai tsamiya da ƙyar, na ɗaure a reshe. Iska ta taso daga fadama, ya ɗauki kuka, zuuu, daidai da na sauran. Na tsaya ina hawaye ina jifan tsuntsu, ban san wanne nake wa kukan ba, Baffa ko zaren.

Kwana goman da na ce sai da suka zama mako shida, don Baffa ya jima a kwance, ni da Inna Hari muka ƙarasa gadin. Ranar da muka fara gasa tumun sabon gero, na ci har muƙamuƙina ya gaji, bakina baƙi ƙirin. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna. Rumbu bai cika ba, amma ya wuce inda kowa ya zata, ya ishi gida biyu su ga wata daminar. Kafin in taho na bi gefen tsamiya na tattara zaren nan. Rana da ruwa sun ci shi, ya koɗe, ya kanannaɗe. Na naɗe shi a gidansa da biro, na liƙe da jan farcen Inna Hari.

A zauren su Modu muka sa shi. Shuuu kawai yake yi. Can sai wani abu kamar murya ya ɗago daga nesa, bai kai numfashi ɗaya ba ya nutse. Muka mayar sau biyar, ba mu iya cewa ko mace ce ko namiji ba.

Na ce, "Modu, ai a rakodarka Uche ya kwafa. Wace waƙa ce?"

Ya ce, "Ni ina na sani? Korata ya yi daga zauren ubana, ya rage murya, ya tafi da kaset ɗinsa. Yanzu dai jan-baki sun ji, mu ba mu ji ba."

Uche ya yi mako uku da tafiya.

Na ɗebi sabon gero a ƙwarya na kai wa mahaifiyarsa a shago. Ta karɓa ta shinshina, ta ce za ta dama kunu, don ta iya kunu fiye da wasu 'yan gari. Na ba ta labarin duka, tana saurare da hannu a haɓa. Sai ta ce, "Ya yi ta zuwa tasha yana duba motar Katagum. Da zai tafi ya bar saƙo ɗaya. Ya ce in tambaye ka, ka kai ƙarshe?"

Na ce, "Mama, ki ce masa ban tsallake ba."

Ban sani ba ko saƙon ya isa. Bayan shekara biyu ciwo ya kama babansa, suka rufe shago suka koma gida, lokacin ba ni da waya balle in karɓi lamba. Na sha neman sunansa a waya daga baya, masu irin sunan ba su ƙirguwa.

Yanzu waƙoƙin duniya duka suna cikin aljihuna, ba batir ɗin da zan ciza, in na so wata sunanta kawai zan rubuta. To wadda ba ka san sunanta ba fa? 'Ya'yana in sun kunna waƙa a wayarsu, ko amshi ba a kai ba sun shafa ta wuce, ni kuwa ba na ce musu komai, na san daga inda suka gado. Abin da ke ba su haushi da ni ɗaya ne. In muna tafiya a kasuwa ko a tasha, wata waƙar da ban sani ba ta taso daga wani shago, sai in ja in tsaya, ko rana ce ko ruwa. Su yi ta jan rigata suna cewa, "Baba, mu tafi mana, ka san ta ne?" In ce ban san ta ba, ku dai bari ta gama.